Soket ɗin Gidan Yaya

Baƙin Hannu ake ce masa, a gareji da cikin unguwa. Tun yana yaro aka kai shi koyon kanikanci, baƙin mai ya shige ƙarƙashin farcensa, har yau bai fita ba. Ba ya son dogon bayani. In ka kawo mota, cewa zai yi ka tayar, ya karkata kai ya saurara, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko sifanar da ta dace.

Da hannun nan ya riƙe ƙaninsa bayan rasuwar mahaifinsu. Auta ya yi karatu, ya samu aikin ofis, ya fara sa takalmin da ake gogewa. Motarsa ta farko gwanjo ce mai tari, yayan ne ya zaɓa masa ita. Duk Asabar Auta zai kawo ta gareji, ya baje a kan tsohuwar kujerar mota da aka jingina da bango, yana zuba surutu, yayan yana ƙarƙashin mota yana amsawa da "uhm". Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Bai kuma taɓa gaya wa kowa cewa duk mako Asabar yake jira ba.

Sai Auta ya sayi mota mai lantarki, ko shawara bai yi da shi ba.

Baƙin Hannu bai ji zuwanta ba, ganinta kawai ya yi a bakin gareji, fara fat, shiru kamar ɓarauniya. Ya duƙa ya leƙa, babu salansa. Aka buɗe gaba, babu fulogi, babu inda mutum zai zuba baƙin mai.

"Wa zai riƙa duba maka ita?"

"Ai Yaya ba ta lalacewa. In ma ta yi wani abu, akwai wani injiniya, kwamfuta kawai yake jona mata. Yaron gwani ne wallahi."

Baƙin Hannu ya goge hannu da tsumma, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Daga nan Asabar ta zama kamar Talata. Kyanwar gareji ta gaje kujerar. Duk wanda ya yabi motar Auta a gaban yayan, amsarsa ɗaya ce: "Wannan ba mota ba ce, wayar hannu ce aka sa wa taya." Sunan injiniyan kuwa ko jinsa ba ya son yi.

Ana nan sai ga Auta har gida, yana sosa ƙeya. A bene yake haya, mai gidan ya hana shi zuro wayar wuta ta taga, wurin caji na cikin gari kuma ga layi ga tsada.

"Yaya, ko zan riƙa jonawa a nan?"

Baƙin Hannu ya ɗaga kai ya dubi bango. Washegari ya kafa soket a jikin bango, kusa da ƙofar gida. Soket ne na gida, irin na dutsen guga, don haka motar tana shan wuta a hankali, tun hantsi har la'asar. Auta ba shi da inda za shi. Yayan ya daina buɗe gareji ranar Asabar, ya ɗauko kujerar nan ya kawo ta tsakar gida, surutu ya dawo.

Mita ce ta fara kuka. Katin wutar da ke kai su ƙarshen wata yanzu tsakiyar wata yake ƙarewa. Matar Baƙin Hannu ƙanƙara take sayarwa, ranar da wuta ta yanke firiza ta koma tafki.

"Baban yara, motar ƙaninka ta fi firiza da fanka ci. Ita baƙuwa ce ko 'yar gida?"

Auta ya ji, ya zaro kuɗi. Yayan ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaushe ka fara biya na? Mayar da abinka."

Yayan ne ya ci gaba da sayen katin. Ya daina cin nama da rana, takalminsa ya ɓule ya kai aka ɗinke.

Wata Asabar Auta ya zo da injiniyan. Matashi ne mai fararen farce, yana ƙamshin turare. Suna ta dariya su biyu a kan wani abu da ke cikin waya, Auta har da dafa masa kafaɗa. Baƙin Hannu ya kalli hannun nan a kan kafaɗar nan.

"Yaya, na'urar caji mai sauri zai kafa, da mitarta daban. Ni zan biya. Matar Yaya ta huta da gorin ƙanƙara, ni kuma kafin in gama shan ruwa na tafi."

"Wayar gidan nan tsohuwa ce. Ba za ta ɗauka ba."

"Baba, ai sabuwa za mu ja," in ji injiniyan.

"Ba da kai nake ba. Bangon nawa ne, ba mai huda min shi."

Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki. "To wa zai riƙa sayen kati?"

"Wa yake saya dama?"

Auta ya ɓata rai. Ya ce shi ke nan, akwai mai saurin a wurin aikin injiniyan, can zai riƙa zuwa. Suka shiga mota, ta sulale da su ko ƙara babu.

Da Asabar ta zagayo, Baƙin Hannu ya sayo kati tun da safe, ya kakkaɓe kujerar. Da tsohuwar motar ce, tun daga kwana zai ji tarinta yana zaune. Wannan sai an gan ta. Ya fita ya tsaya a ƙofar gida cikin rana, kamar mai jiran tasi, matarsa tana kallonsa.

Bayan azahar sai ga ta. Auta ya sauke gilas, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Yaya, layi ya yi yawa a can."

Baƙin Hannu ya wangale ƙofa, ya karɓi wayar cajin ya jona da kansa.

"Motar banza," ya ce. "Zauna."