Tiyar Kawu Lado

Shekara talatin da wani abu Kawu Lado ya yi yana awon hatsi a kasuwar Jibiya. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Manomi ya kawo gero daga Mazanya, ɗan kasuwa ya tsallako daga Maraɗi, shi ne zai zauna a tsakaninsu da tiyarsa, kwanon awo, ya cika ta har ta yi tudu a bisa, ya ɗaga a hankali ya juye a buhu. Wannan tudun haƙƙin mai saye ne. Idan ya zube kafin tiya ta kai bakin buhu, an tauye shi. Shi ya sa duk sana'ar ta tsaya a kan hannu mai natsuwa da sunan da aka yarda da shi.

Ƙanen mahaifiyata ne. Da na dawo daga karatun likita a Masar, matarsa Salmatu ta ce mini kasuwa uku ke nan bai fita ba. Alhaji Uwaisu, wanda ya shekara ashirin ba ya yarda kowa ya auna masa sai Kawu, ya riƙe masa hannu a gaban jama'a.

"Lado, awo kake ko rawa?" in ji Alhajin. "Kullum hannun nan wajen mai gero yake rawa. Bai taɓa rawa wajena ba."

Aka yi dariya. Daga ranar aka fara cewa Lado ya koyi girgiza tiya.

Na same shi a zaure da hantsi, ga ƙaramar butar shayi a kan gawayi, ga goro a baki.

"Kawu, ɗora hannuwanka a cinya."

Ya ɗora. Ko motsi ba su yi.

"Ka gani?" ya ce. "Abin da ya kashe ni ke nan. In ina zaune lafiya lau. Wa za ya yarda ciwo ne?"

Na ce ya miƙe su gaba. Yatsun suka soma karkarwa. Na ba shi kofin ruwa, kafin ya kai baki rabi ya jiƙa masa riga. Na sa ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, tafiyarsa daidai, gaɓoɓinsa ba su sandare ba. Na tambaye shi ko wani a gidanmu ya yi irin wannan.

"Kakanka mana. Kansa ke kaɗawa, kamar kullum yana cewa a'a. Har yara na kwaikwayonsa."

Na yi masa bayani gwargwadon yadda zan iya. Ba cutar Parkinson ba ce, wadda hannu ke rawa yana hutawa. Tasa irin wadda ke tashi ce idan an sa hannu aiki, daga sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, kuma ana gadonta. Fargaba na ƙara ta. Shayi mai ƙarfi da goro ma haka.

Ya dubi butar. "To ni da nake shan kofi uku kafin in fita, don hannun ya tsaya?"

Na kai shi asibiti a Katsina, aka gwada jininsa don a tabbatar ba ciwon maƙoƙo ba ne, wanda shi ma yakan sa hannu rawa, aka ce ba shi ba ne. Maganin da aka fi bayarwa bai dace da shi ba, domin ƙurar hatsi ta riga ta sa masa asma, kuma maganin na iya toshe numfashi. Na biyun ya sha sati biyu, jiri ya kayar da shi a bakin masallaci, ya daina.

"Bar maganar warkewa," ya ce mini. "Ka zo ka faɗa musu ban taɓa cin hatsin kowa ba."

Ranar kasuwa muka je tare. Na yi wa Alhaji Uwaisu bayani a gaban dillalai. Ya saurara har ƙarshe, ya kama hannun Kawu da hannu biyu.

"Ka yafe mini, Lado. Wallahi na ɗauki alhakinka."

"To zuba buhu ɗaya in auna maka."

Aka zuba. Mutane suka kewaye, kowa ido a kan hannun. Ya cika tiya, ya ɗaga, tudun ya zube gaba ɗaya kafin ya kai buhu. Ya sake. Ya sake. Ba wanda ya yi dariya wannan karon.

"Bari Sadiq ya ƙarasa, rana na yi," in ji Alhajin a hankali, yana kiran wani mai awo daga rumfar gaba.

Kawu ya kife tiyar, ya sa ta a hammata. A hanyar gida ya ce, "Yanzu dai sun san ba ɓarawo ba ne ni."

Har yau yakan je kasuwa ya zauna a gefen rumfa, hannuwansa a kan cinya, ba sa motsi. Kowa na gaishe shi da girmamawa, ba wanda ke kiransa awo. Tiyar tana wurin Salmatu, a ciki take jiƙa wake.