Tarin Uwaliya Mai Ƙuli-ƙuli

A Garo, duk wanda ya ci ƙuli-ƙuli mai yaji-yaji ya san na Uwaliya ne. Shekara ashirin da ɗoriya tana suyar gyaɗa a wani ɗan madafi mara taga, wanda hayaƙi ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin. Mijinta, Malam Ƙasim, manomin albasa ne. Wata damina tari ya kama shi. Wata bakwai yana ramewa, ana ba shi jiƙe-jiƙe, har Allah ya yi masa rasuwa. Ita ta yi jinyarsa. Ko tsakar dare ya yi tari, kafin ya ƙara ta iso da kofin ruwa. Bayan arba'in ta rufe ɗakinsa, ta sa kwaɗo.

Shekara tara da rasuwarsa, mura da zazzaɓi suka kwantar da ita. Ta warke ta koma suya, ba a yi mako uku ba wata murar ta sake kama ta. Ita ma ta wuce, amma ta bar mata tari. Da rana ba ta jin komai. Da ta kwanta sai ya taso, busasshe, sau uku a jere, sannan numfashi ya ja. Irin na Malam sak.

Wani dare ta farka da ƙarar tarin a kunnenta. Ta ɗebi ruwa a randa, ta tsallaka tsakar gida zuwa ɗakin Malam. Sai da yatsunta suka taɓa sanyin kwaɗon nan, tarin ya sake tasowa, sannan ta gane daga ƙirjinta yake fitowa. Ta daɗe a tsaye da kofin a hannu.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta sayi kafso a kemis ta shanye, babu sauƙi. Sai ta fara rabar da zannuwanta. Labarin ya kai wa 'yarta Lailatu, wadda ke aure a Gwarzo, ta zo da sassafe.

"Inna, me ya sa kike rabar da kaya?"

"Tarin babanki ne ya zo mini. Na san muryarsa."

"To, ki shirya mu je a ji ta bakin asibiti."

A Gwarzo aka auna kakinta, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce babu tibi, wato tarin fuka. Murar da ta maimaita ce ta bar hanyar numfashinta kamar fatar da aka goge, abu kaɗan sai ta motsa. Idan ta kwanta, majina kan gangaro ta bayan hanci zuwa maƙogwaro, hayaƙin da ta shaƙa da rana kuma ya ƙara tsananta abin. Kafso ba ya maganin wannan. Ta ce ta ɗaga kanta da matashi biyu, ta sha ruwan ɗumi da zuma kafin barci, ta yi sirace, ta fitar da murhu waje, ta daina kunna maganin sauro a ɗaki. In ta ga jini ko ta fara ramewa, ta dawo nan take.

Mako biyar tarin ya yi yana raguwa, har ya daina. Uwaliya ta koma suya a rumfar ƙofar gida.

Ranar da suka koma a sake duba ta, ta bari Lailatu ta fita, sannan ta matso.

"Likita, da a ce tibin ne fa?"

"Da mun ɗora ki a kan magani, Inna. Wata shida, yawanci ana warkewa."

"Ko shekara tara da ta wuce akwai maganin?"

"Akwai shi tun kafin nan."

Uwaliya ta gyara mayafinta, ta yi godiya. A mota Lailatu ta yi ta ba ta labarin yara, ita kuwa idonta na kan gonakin dawa.