Kaset mai tabon lalle

Tun shekarun casa'in nike cewa Ishaya ya shahe mini matata, mutane na dariya. Da sahen nan anka bugo mini daga Madawa, wai Ishaya ya rasu.

Ɗiyata ka rubuta wannan ga waya, don kowa shi gani. Na ce ta sa yadda na hwaɗa, kar ta gyara.

Ishaya mai gyaran rediyo na, kusa ga asibitin mishan. Shi Kirista, ni Musulmi manomin Galma. Da ciwon Hadiza matata ya tashi cikin damina, shi ya ɗauke ta ga moto, shi ya tsaya yana yi muna tahinta. Ban taɓa musun wannan ba.

Muna da kaset ta bidiyo guda, ta sunan jikanmu. Ciki Hadiza na rabon hura tana dariya. Ba ni karatu, don haka ita ta dangwala mata lalle ga gehe, mu gane abinmu. Bayan ta rasu zaren kaset ya cuɗe, na kai ma Ishaya.

Lokacin wani likita da zai koma ƙasarsu ya bar mai na'urar disk. Sai ya kama juye waƙoƙin majami'a cikin tsohin kaset na bidiyo, wai sun hi na rediyo tsawo, a yi biki ba a tashi juyawa ba. Ga shagonai, kaset da ba rubutu wohi ta. Lallen nan ya ɗauke shi datti, sai ya juye waƙa bisa tamu.

Na amso ta na kai gida, munka tara yara gaban tele. Allo baƙi ƙirin, waƙa na tashi. Na kashe, na jeha ta akwati.

Ya zo ban haƙuri, na ce: "Kai da ka yi lakkwal, ka yi boko, ba ka san lalle ba?" Daga nan ban koma gaishe shi ba. Shi ko kowace salla sai ya aiko mini da batir na rediyo. Ina amsa, ba ni godiya.

Bara munka haɗu kasuwar Madawa, ya rame har na so in wuce shi. Ya riƙe mini hannun riga.

"Baba Na-Allah, har yanzu hushin?"

"Har gobe."

"To ji nan. Disk na ƙarewa kahin kaset. Ka taɓa barin ta ta kai ƙarshe?"

Na hizge rigata na tahi. In ya sani, mi ya hana shi hwaɗi tun can? Ɗiyata ta ce ya sha zuwa, ni ka korar shi. Wannan zancenta na.

Na koma gida na hiddo kaset. Lallen na nan. Amma manyeton garinmu, na'urorin kallon kaset, dut sun mutu. Na aika garin Buza, na aika garin Keita, kowa sai shi ce: "Tsoho, wa ka kallon wannan yanzu?" Na yi niyyar bayan girbi in kai ma Ishaya, shi kaɗai na san bai yas da tashi ba.

Allah shi yi mai sauƙi, shi ba iyalinai haƙuri. Ku sa shi addu'a, kowa yadda yake yi.

Sannan ku iyalin Ishaya, ina manyetotai? Kar ku sai da ta ga 'yan ƙarhe. Wanda ya san inda take shi ba ni amsa yau, ba danna mini hoton hannu ɗage ga waya ba. Ina son in ga ko Hadiza na nan ga ƙarshe.