Saniyar da Baba Ya Ƙi Sayarwa

A gidanmu, can yamma da Ɗambatta, tarihin shanu ake fara ba yaro kafin na mutane. Kakan Babana ne ya sayi wata farar karsana, kafin ya rasu ta zama garke. Kakana ya gaji garken, Allah kuma ya ba shi 'ya'ya maza rututu, duk wanda ya yi aure sai a yankar masa gona daga makiyaya. Burtalin da shanu ke bi zuwa rafi ma ba su ƙyale shi ba, kowace damina sai wani ya ƙara huɗa a cikinsa. Sannan su zauna gindin tsamiya suna mitar wai duniya ta ƙuntata, shanu sun rasa wurin kiwo. Su wa suka ƙuntata ta?

Da gado ya zo hannun Baba, garken ya koma turke uku a bayan gida: shanun huɗa biyu, da wata tsohuwar saniya, ita kaɗai ta rage daga jinin karsanar farko. Dokar gidanmu kuwa, ba a sayar da mace daga wannan jini. Namiji a kai shi kasuwa, mace a turkenta za ta tsufa.

Sai shekarun fari suka zo. A lokacin na haura ashirin, ni ke riƙe garmar shanu. Damina biyu gero bai yi abin kirki ba, harawar da muka ɗora kan bishiya ta ƙare tun sanyi bai wuce ba. Na samu Baba na durƙusa.

"Baba, mu kai tsohuwar nan kasuwa tun tana iya taka ƙafarta."

"Kai ka saye ta?"

"A'a."

"To ni ma ban saye ta ba. Ajiya ce. Kuma ciki gare ta, in ta haifi mace shi ke nan, gida ya tsaya."

Raina ya ɓaci. Ranar kasuwar Ɗambatta na dawo daga tsintar 'ya'yan gawo, na tarar da turke biyu wayam. Baba ya sayar da shanun huɗa, ya dawo da buhunan dusa a kan jaki. Ya sayar da masu noma don ya ciyar da mai kwanciya! Inna ta ce, "Malam, in ruwa ya sauka da me za a yi huɗa?" Ya ce, "Da abin da iyayenmu suka yi." Wato garmar hannu, da gadon bayana.

Dusa ta ƙare. Muka shiga zare karan danga muna sara mata, har mai wucewa ya riƙa hango tukunyar Inna daga hanya. Da danga ta ƙare, Baba ya ɗaga ido ya dubi jinkar ɗakina. Ita ma aka kwance ta aka zuba wa saniyar. Tabarmata kawai na kwashe na koma zaure.

Cikin bazara saniyar ta daina iya tashi da kanta. Kullum da safe sai mun kira maƙwabta biyu, mu zura taɓaren Inna ƙarƙashin cikinta, mu ɗaga ta tsaye. Ni ne a wutsiya. Ina ɗagawa ina zaginta a zuci, ita kuwa in ta miƙe sai ta juyo ta lashi hannuna.

Wata rana da hantsi ta haihu. Baba ya durƙusa ya ɗaga ƙafar maraƙin ya duba. Ya saki, ya goge ido da hannun riga, ya sake dubawa. Namiji.

Ranar muka zura taɓare muka ɗaga, ta sulale. Muka sake, ta sake sulalewa. Maƙwabcinmu ya ce, "Malam, a yi sauri kada ta zama mushe." Baba ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa, ya tsaya a kanta, ya kasa yankawa. Sai ya miƙo mini.

"Kai da ka matsu, ga ta."

Na karɓa da zafina. Na juyar da kanta gabas, na dafa wuyan, duk ƙashi ne. Wata huɗu ina roƙon a rabu da ita, amma hannuna ya ƙi. Na yi bismilla sau uku, ban yanka ba. Inna ce ta ce wa maƙwabcin, "Don Allah karɓi wuƙar nan, waɗannan biyun duk ɗaya ne."

Da ruwa ya sauka, da garmar hannu muka yi huɗa, ni da Baba. Har yau ina jin haushinsa, Allah ya jiƙansa. Amma ban taɓa cewa Inna ta yi mana ƙarya ba, da ta ce mu biyun duk ɗaya ne.