Ranar da Baba Ya Juya Dish ɗin Gidanmu

Wata Asabar ce cikin sanyin Alƙahira, ina 'yar shekara goma sha biyu, bayan an sauko daga sallar azahar. Ina tsaye a saman benen da muke haya, riƙe da sifana, iska tana kaɗa zannuwan da maƙwabta suka shanya, Baba kuma ya rungumi ƙaton dish ɗin gidan yana murza shi kaɗan-kaɗan. Ammu Rashid, maƙwabcinmu ɗan Pakistan da ya zo karatun addini, ya leƙo ta tagar falonsa yana ihu, "Ƙara kaɗan, Alhaji! Khalas, tsaya nan!" A ranar ne matasan Najeriya za su buga kurket a gasar duniya, Baba kuwa ya rantse sai ya gan su da idonsa.

Baba ya koyi kurket ne a makarantar kwana a Kaduna, wurin wani malami ɗan Indiya, kuma bai taɓa warkewa ba. Aikinsa raka 'yan kasuwarmu zuwa kasuwar Ataba, ya yi musu ciniki da Larabci, ya ɗaure kaya ya tura Kano, amma da ya dawo gida ya cire takalmi, zancen ke nan. Ni kaɗai nake sauraronsa. Ni da Sadiya, 'yar Ammu Rashid, saman benen nan ne filinmu. Da zarar na gama shanya na share kashin tantabarun matar hawa na uku, sai mu kafa akwatin lemo ya zama sanduna ukun da ake karewa, mu ɗauko katakon tsohon gado ya zama abin bugu, ƙwallon tanis kuma mu naɗe ta da salatif kamar yadda ake yi a garinsu Sadiya. Dokarmu ɗaya: wadda ta buga ƙwallo ta faɗa titi ta fita, kuma ita za ta sauka ta ɗauko, ba lif. Baba yakan hau ya tsaya jikin tankin ruwa yana cewa, "Ki kalli ƙwallon, ki daina kallon fuskar mai jefawa." A makaranta kuwa in na ce kurket, 'yan ajinmu dariya suke yi, wai ko sunan biskit ne.

Dish ɗaya ne a gidan gaba ɗaya, daga shi aka ja waya zuwa kowane falo. Tashoshin da yake kamawa ƙwallon ƙafa ne safe da yamma, sai fina-finai, sai wa'azi. Tashar da ke nuna kurket tana kan wani tauraron daban, shi ya sa sai an juya. Baba ya yi lissafin mutane suna wajen aiki ko barcin rana, kafin magariba ya mayar ba wanda ya sani. Shi da bai damu da ƙwallon ƙafa ba, ina zai san babban kulob ɗin birnin yana da wasa da la'asar?

Muka zauna a falon Ammu Rashid, ga shayi, ga ƙosan da Mama ta soya kamar ana suna. Hoto ya fito tas. Me muka gani? Wasu ƙarti huɗu cikin kwat suna gardama a kan gwiwar wani shahararren ɗan wasa, ko ta warke ko ba ta warke ba. Aka sa tallan sabulu, aka sa tallan babur, aka dawo kan gwiwa. Da suka ga dama suka nuna wasa, na manyan ƙasashe suka sa, wanda ake bugawa a wani filin. Namu ko kyamara ba su kai ba. Can sai sunan Najeriya ya gifta a siririn layin da ke gudu a ƙasan allo, da 'yar tuta kamar ƙwayar wake. Baba ya miƙe zumbur ya matsa gaban talabijin, kafin ya karanta makin har ya wuce. Ya tsaya nan a sunkuye yana jiran ya sake zagayowa. A haka muka ji hayaniya tana hawowa ta matakala.

Maza ne cike da ƙofa, wasu da rigar kulob, wasu da jallabiyar barci, mai gadin gidan a gaba yana tafa hannu. Wani ya ce, "Wasan me? Kun kashe mana talabijin saboda wasan sanda?" Baba, mutumin da 'yan kasuwa ke cewa ranka ya daɗe, ya dafa ƙirji yana ta ba su haƙuri da "ma'alish, ma'alish" a gabana, ya hau ya mayar da dish ɗin suna tsaye a kansa. Washegari mai gida ya sa kwaɗo a ƙofar saman bene. Shanya ma sai an roƙi makulli. Ni da Sadiya ba mu sake buga ko ƙwallo ɗaya ba har suka koma ƙasarsu.

Ban riƙe maƙwabtan nan a zuciya ba. Wasansu aka katse musu, ko ni ce zan yi masifa. Waɗanda har yau ban yafe wa ba su ne masu kwat ɗin nan da iyayen gidansu. Suna cika baki wai wasan duniya ne, alhali duniyar tasu ƙasashe uku ce ko huɗu. In sun tuna da mu, to da murmushin tausayi ne, a nuna yaro ba takalmi, a karya sunansa, a ce ai zuwan ma nasara ce. Wa ya tambaye ku tausayi? Ku kafa kyamara ku nuna yadda yaron yake jifa, mu da kanmu za mu ce ya iya ko bai iya ba.

Yanzu ina aiki a wani shago a unguwar Ma'adi, nan Alƙahira, kuma wasannin namu sukan fito a waya: kyamara ɗaya daga nesa, ba mai sharhi, hoto yana yi yana tsayawa. Duk da haka ina kallo. Baba ya koma Kaduna, ciwon suga ya cinye masa gani, sai dai haske da duhu. Ranar wasa nakan ɓuya bayan kanta in kira shi, in riƙa faɗa masa wa ya jefa, wa ya buga, wa ya fita. Yakan katse ni ya ce, "Tsaya, Hajiyata, yaya yake riƙe katakon? Yana sunkuyawa?" In kwatanta masa iya iyawata, shi kuma ya riƙa haɗa hoton a ransa.

Ya ji labarinsu dai, amma bai taɓa ganinsu ba.