Talabijin ɗin da Auta Ya Aiko wa Inna

Ana tsakiyar damina, gero ya kai gwiwa, ina gona ina maimai, sai ƙanena ya bugo waya daga birni ya ce in je tashar Tsanyawa in karɓi saƙo. Shi ne autanmu, yana aiki a wani ofis wajen Rijiyar Zaki, kuma tun yana yaro halinsa ke nan: sai ya gama yanke shawara sannan ya sanar da kai aikin da ya rataya maka. Na tambaye shi wane irin saƙo ne da ba zai jira ranar kasuwa ba. Ya ce talabijin ne ya saya wa Inna, irin na zamani mai shiga intanet. Ya riga ya gwada shi a ɗakinsa, komai lafiya, ni dai in kafa in kunna.

Na sami ɗan acaɓa muka tafi. Kwalin da direban bas ya miƙo mini faɗinsa ya kusa na ƙyauren ɗaki. Na zauna a baya na rungume shi, muka biyo 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, iska tana tura mu hagu da dama. A wajenmu gona manne take da gona, gida yana kallon gida, ba abin da zai wuce ba a gani ba. Duk wanda muka gifta sai ya ɗago daga kan fartanya ya yi mini barka. Kafin mu isa gida, yaran unguwa sun riga mu.

Inna tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa muka shigo. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, "kai wannan" take ce mini. Da na zare saƙon daga kwali ta sa wa Auta albarka, sannan ta tashi ta zagaya ta leƙa bayansa, ta tambaye ni ina sauran. Talabijin ɗin da ta sani yana da ƙatuwar ƙeya, wannan kuwa shafal yake kamar faifai. Na daɗe ina rantsuwa kafin ta yarda direba bai riƙe rabi ba.

Ɗakin Inna ginin ƙasa ne, an dai shafa masa siminti sama-sama. Ƙarfen ratayewa da ya zo a kwalin an yi shi ne don bangon bulo. Ƙusar farko da na buga ta ɓalle siminti kamar tafin hannu, ƙasa ta zubo a kan gadonta, sai ga hanyar gara a ciki. Na kira Auta, ya ce shi a ɗakinsa bai sha wata wahala ba. Na ce masa ai ɗakinsa ba kakanmu ne ya gina ba. A ƙarshe kafinta na kira, ya haɗa tebur mai faɗin ƙafa da katako biyu a tsaye, muka ɗaure talabijin ɗin a jiki ta baya, don jikokin Inna masu rarrafe duk abin da suka kama sai sun ja.

Sai maganar wuta. Ta gwamnati takan leƙo mu jefi-jefi, in ta zo kuma da tsalle take zuwa, ta sha ƙona mana ƙwayayen fitila. Dole na koma Tsanyawa na nemo sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, don ban shirya jin abin da Auta zai faɗa ba in kyautarsa ta ƙone a hannuna. Sauran lokaci kuwa 'yar solarmu ce, wadda aka sa don fitila da cajin waya. Tana ɗaukar talabijin ɗin, amma da hadari ya rufe rana sai ta hau kuka, sai an zaɓa tsakaninsa da fanka. In an fara walƙiya kuma, ko ina bakin gona sai na yi gudu na zo na zare wayar wutarsa daga bango. Na hana a goge fuskarsa da jiƙaƙƙen tsumma, na hana a lulluɓe shi yana kunne. Inna ta ce ko jaririn bakwaini ba a yi masa wannan hidimar.

Duk wannan wasa ne a kan intanet. A ɗakin Inna babu sabis ko kaɗan, kuma daga wayata talabijin ɗin zai riƙa ja. Na yi ta yawo a tsakar gida da waya a sama kamar mai neman wata, har na gano wuri ɗaya tak da sabis yake kamawa kuma talabijin ɗin yake jiyo wayar: kan wata azara da ta leƙo a saman tagar ɗakin. Nan na rataye wayar a cikin tsohuwar safa. Daga ranar, duk mai nemana sai na taka turmi na miƙe kafin in amsa. Kira yana shigowa kuma hoto zai tsaya cak. Inna tana tsaka da sauraren tafsiri sai malamin ya daskare da baki buɗe, sai in jiyo ta daga ɗaki tana cewa, "Kai wannan, Malam ya shaƙe."

Datar farko da na saya kuwa ba wanda ya kalli komai da ita. Talabijin ɗin ya ce zai sabunta kansa, wani layi ya yi ta rarrafe a fuskarsa, yana kaiwa ƙarshe data ta ƙare. Auta ya ce ai da na shiga saiti na rage ƙarfin hoto, na kuma hana shi sabuntawa sai da izini. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun farko. Ya ce ya zaci na sani, tunda ni malamin makaranta ne. Lissafi nake koyarwa a firamare, ban san a wane aji ake koyar da wannan ba.

Wata la'asar na kunna wa yara katun na tafi duba akuya. Ashe in abu ya ƙare, shi da kansa yake zaɓo na gaba. Daga wannan zuwa wancan sai ga wata rawa da ba ta dace da idon babba ba, balle na yaro. Matata ce ta jiyo kiɗan daga madafa, ta shigo da gudu, ta rasa rimot, ta tsaya a gaban gilashin ta baza mayafi tana kore yaran da ƙafa. Ranar na zauna na bi saitin nan ɗaya bayan ɗaya, na kashe zaɓo-da-kanka, na kunna takunkumin yara, na sa lambar sirri. Muka yi doka: ba kallo sai da babba a ɗakin, rimot kuma a ƙarƙashin matashin Inna yake kwana. Na ɗauka na gama.

Ranar wata Juma'a Kawu ya zo daga wajen Minjibir. Yayan Inna ne, malami ne mai karantar da Alƙur'ani, mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya ji labarin talabijin ɗin ya zo ya gani da idonsa. Aka ci tuwo, na kunna masa karatu, ya saurara yana gyaɗa kai. Can sai hira ta koma kan tsadar taki, na tsayar da karatun, muka ci gaba da magana. Ban taɓa barinsa a kunne haka ba, saboda tsoron batir. Ashe in an ƙyale shi na ɗan lokaci, hotuna yake fara nunawa.

Na ga Kawu ya bar maganar taki yana kallon bayana. Na waiga. Ga wata budurwa ta cika gilashin, da hijabi ruwan toka, tana murmushi a gindin wata bishiya. Hoton ya shuɗe, wani ya fito, ita ce dai, yanzu riƙe da littattafai. Inna ta lalubo tabarau ta matsa kusa.

"Wace ce wannan?" in ji Kawu, idonsa a kaina.

Na ce wallahi ban taɓa ganinta ba. Ya ce to, shi dai an gaya masa duk abin da akwatin nan yake nunawa daga wayata yake shan sa, ga ta can a rataye kowa yana gani. Na fara bayani cewa intanet daban, hoto daban, amma ni kaina na ji bayanin ba ya shiga. Mutum da furfura a gemu, ana tuhumarsa a gaban mahaifiyarsa a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Matata ta shigo da kwanon fura, ta dubi gilashin, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce wa Kawu mutumin da in ya ɗauki hoton akuya sai ya yanke mata kai, ba shi ya ɗauki wannan ba. Tana rufe baki hoto na gaba ya fito: Auta ne tsaye a gefen yarinyar, ya karkata hula, yana washe baki.

Na kai hannu zan kashe, Inna ta ce, "Bar shi." Ta zauna ta kalle su tas, har suka zagayo na farko. Sannan ta ce in kira mata Auta.

Na taka turmi na sauko da waya. Da Auta ya ji abin da ya faru sai ya ce lokacin da ya gwada talabijin ɗin da asusunsa ya shiga, ya kuma zaɓi hotunan wayarsa su zama na ado, ya manta bai fita ba. Wai har abubuwan da yara suke nema yana gani a wayarsa yana dariya. Da na matsa shi sai ya ce katin bankinsa ma yana haɗe da asusun. Wato duk hannun da ya taɓa rimot ɗin nan zai iya latsa sayen wani abu da sunansa. Ina jira ya ba ni haƙuri, sai na ji ya ce, "Ai Yaya, da ka duba ka fitar da ni tun ranar farko." Na miƙa wa Inna wayar na fita zaure, don abin da ya zo bakina bai dace a gaban Kawu ba.

Washegari da hantsi sai ga shi a bas, ya sha manyan kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Inna da Kawu suka sa shi a ɗaki. Ashe yarinyar ɗaliba ce da take gab da gama jami'a, 'yar gidan malamai, sun daɗe da fahimtar juna, kunya ce ta hana shi buɗe baki. Kawu ya yi masa faɗan ajiye hoton 'yar mutane ba a yi magana da iyayenta ba, ya yi masa na sakaci, sannan ya tambayi sunan mahaifinta da unguwarsu, ya ce shi zai je.

Da suka sallame shi ni kuma na tare shi. Na ce ba zai hau mota ba sai ya goge komai ya mayar da talabijin ɗin kamar yadda ya fito daga kanti. Muka buɗe sabon asusu da ba hoton kowa a ciki, ba katin kowa, muka sake sa takunkumin yara da sabuwar lambar sirri. Ni ina zaune a inuwa ina ba da umarni, shi yana hawa turmi yana sauka da babbar riga, sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Ya yi gumi sharkaf. Da ya gama ya ce gaskiya sabis ɗin garin nan sai a hankali, kamar wani sabon labari ya kawo mini.

Bayan tafiyarsa Inna ta yi kwanaki tana mita, wai yanzu in an bar akwatin sai ya riƙa nuna mata duwatsu da tekun da ba ta san na garin su wa ba, ita a dawo mata da yarinyar. Na ce ba ni sake shiga saitin nan ko da me za a ba ni.

An ɗaura auren bayan an shigar da amfanin gona. Ranar da aka kawo amarya gaisuwa, Inna ta kama hannunta ta ce ai sun daɗe da sanin juna. A dangi yanzu labarin da ake bayarwa shi ne Auta yaron kirki ne, ya saya wa mahaifiyarsa talabijin, Allah ya saka masa da mace tagari. Ba mai ambaton wanda ya ɗauko, ya kafa, ya sha tuhuma.

Kwanan baya Kawu ya aiko a gaya mini shi ma 'ya'yansa za su saya masa irinsa saboda karatu, kuma Auta ya tabbatar masa ni na ƙware, in shirya in zo Minjibir in haɗa masa. Na ce a gaishe shi, a ce masa sai bayan kaka. Ban dai faɗi kakar wace shekara ba.