Ranar da Iyaye Suka Zo da Tsumagiya

Har in bar aikin koyarwa ba zan manta da Larabar da na fara kiran taron iyaye ba, lokacin ina malamin aji huɗu a wata firamare kusa da Nahuce. Hedimasta ne ya dawo daga bita a Gusau da sabon tsari: kowane malami ya riƙa zama da iyayen ɗalibansa duk wata, a cikin aji.

Abin ya zo mini daidai, don ina son ganin Malam Ummaru, mahaifin Sani. Yaron ya fi kowa lissafi, sai dai ƙiriniya, kuma uban ya rantse in aka sake kai masa ƙara zai cire shi ya bi shanu. Na ce wa yara, "Kowa ya gaya wa babansa ina nemansa ranar Laraba." Aji ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka ladabi ne.

Ranar sai ga iyaye, kowa riƙe da ɗansa. Wani ya kamo kunne, wani ya saɓo tsumagiya, yara ido ya yi jajir. Ashe a garin ba a taɓa kiran uba makaranta ba sai in ɗansa ya yi ɓarna.

Wani dattijo ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, tun gida na zane nawa. Mi ya yi?"

Na ce, "Bai yi komai ba, Baba."

"Ka dai bincika da kyau."

Malam Ummaru ko zama bai yi ba. Ya dire littattafan Sani a teburina. "Ba sai ka faɗi ba. Ga kayanku nan, gobe daji za shi."

Na rubuta lissafi mai wuya a allo, na miƙa wa Sani alli. Yana jan majina yana yi, har ya gama tsaf. Iyaye suka hau tafi.

Uban ya ce, "To, laihin hwa?"

"Babu. Na kira ka ne ka ga wannan."

Ya dubi allo, ya dubi tsumagiyarsa, ya tura ta cikin riga a hankali. "Ke nan bugun da na yi mai ya tahi banza?"

Dattijon nan ya ce, "A aje mai shi, in ya yi laihi gaba sai a cire."

Aji ya kece da dariya, ban da Malam Ummaru. Shi littattafan ya ɗauka, ya kakkaɓe su da hannun riga, ya miƙa wa ɗansa. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido.

Ranar na gane mu malamai muka koya wa iyaye tsoron kiranmu, don ba ma tunawa da su sai abu ya ɓaci. Da wata ya zagayo, Sani ne ya fara shigowa, yana janye da hannun ubansa.